Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitocin Gyaran Tsarin Mulki: Ɗan Ina Ne Ɗana?

Zuwa ga Mai Girma Sanata Barau Jibrin, Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, da Mai Girma Benjamin Kalu, Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, da dukkan 'yan kwamitocin da aka ɗora wa duba kundin tsarin mulkin Najeriya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni tsohon malamin firamare ne. Na ajiye alli bayan shekara talatin da biyar, yanzu ba ni da wani aiki sai zaman majalisar ƙofar gida da sauraron rediyo. A rediyon na ji cewa ƙudirin nan da Mai Girma Kalu ya kawo, wanda zai ba mutum damar zama ɗan asalin jiha idan a cikinta aka haife shi, ko ya shekara goma yana zaune, ko ta hanyar aure, an janye shi a watan Yulin 2025 bayan hayaniya ta yi yawa a kansa. Ban rubuto don in rantse cewa ƙudirin ba ya buƙatar gyara ba. Tsorona shi ne kada janyewa ta zama binnewa, domin maganar da ke ciki tana nan daram a gidajenmu, har da nawa.

Sunaye uku nake amsawa, ban da wanda aka raɗa mini ranar suna. A Kano, inda na haura shekara arba'in, Bazazzagi ake ce mini. Abokan zamana ba sa gajiya da tsokana: wai mu Zage-zagi ba mu san mace ba a magana, sai mu ce "matana ya dawo", wai kuma bayinsu ne mu tun kaka da kakanni. Idan watan cika-ciki ya kama, akwai wani dattijo mai sayar da goro a bakin layinmu da ba ya bari in wuce sai mun yi rigimar wa zai ba wani kuɗin shara. Ranar da na je Zariya kuwa, tun daga tasha abokan ƙuruciya za su fara: ga Bakano ya iso, kowa ya riƙe aljihunsa, yanzu zai sayar mana da ruwan rijiyarmu. Suna na uku a wani ƙauye yake, cikin ƙasar Haɗejiya, inda 'yan tsofaffin da suka rage suke ce mini ɗan Mai-jirgi, saboda mahaifina ya bar garin tun yana saurayi, ya kama aikin reluwe a Malam Madori, aikin ya kai shi Zariya, can ya yi aure, can aka binne cibiyata, can kuma aka binne shi.

Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da ya taɓa ɓata mini rai. Kowanne gaskiya ne, kowanne kuma ƙauna ce a cikinsa, ko da ta zo da zolaya. Wanda ya ce maka bawansa ne kai, shi ne na farko da zai zo gaisuwa idan an yi maka rasuwa. Haka Katsinawa da Nufawa suke, haka Gobirawa da Yarabawa, haka Fulani da Barebari. Magabatanmu sun ɗauki bambancin gari da na asali, wanda a wasu wuraren takobi ake zarewa a kansa, suka mayar da shi abin dariya.

Sai ga takardar indijin.

Autana, wanda aka haifa a Kano a 2001, ya tashi neman aikin ɗamara, aka ce sai da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ya tafi sakatariyar da ke kusa da mu, ba zan ambaci sunanta ba, domin ma'aikacin da ya tarar ba shi ya kafa dokar ba. Ya nuna takardar haihuwa, da ta firamare, da ta sakandare, duk na garin. Aka ce ba wannan ake tambaya ba, mahaifinka ɗan ina ne? Ya ce a Zariya aka haife shi. Aka ce to kakanka fa? Da ya faɗa, sai aka tura masa takardunsa, aka ce ai kai ɗan Jigawa ne, can za ka je. Yana fitowa wani ya biyo shi har bakin titi, ya ce idan yana da 'yan kuɗi kaɗan ba sai ya wahala ba, kafin la'asar za a kawo masa takardar, ta kowace ƙaramar hukuma yake so. Yaron ya dawo gida ya tambaye ni, Baba, mu 'yan ina ne? Na koyar da ɗaruruwan yara taswirar Najeriya, amma ranar sai na tsaya ina lalube.

Muka ɗauki hanya. Dagacin da muka tarar matashi ne, bai taɓa jin sunan mahaifina ba, kuma ba laifinsa ba ne, mutumin ya bar garin tun kafin a haifi uban dagacin. Sai da aka nemo wata tsohuwa, ido ya tafi amma ƙwaƙwalwa garau, ta ce ƙwarai ta san Mai-jirgi, ta lissafo iyayensa da gonarsu. Da bakinta aka sa hannu, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Ɗana ya samu takarda cewa shi ɗan asalin garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, bai san rijiyarsa ba, ko hanyar masallacin Juma'a sai da aka nuna masa. Da tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya da wata guda, ban san abin da zai kasance ba.

A hanyar dawowa wani abu ya tsaya mini a rai, kuma shi nake so ku fi lura da shi. Gurbin da ɗana ya nema da wannan takarda, don wa aka ware shi? An ware shi ne don yaron ƙauyen nan, wanda ya yi karatu a ajin da ba rufi, wanda tsarin raba daidai ya ce a ɗaga shi don kada 'yan birni su cinye komai. Ga ɗan birni ya zo da mota, ya karɓi takarda, ya shiga layi ɗaya da shi, da turancin da ya fi nasa. Mu talakawa ma ke nan. Ku dubi 'ya'yan manya da aka haifa a Abuja ko Legas ko Landan, waɗanda ba sa zuwa "gida" sai ranar karɓar takarda ko ranar neman ƙuri'a. Tsarin da aka ce yana kare ɗan ƙauye, shi ne yake buɗe ƙofar da ake shiga a ɗauke rabonsa.

Kun fi ni sanin kundin 1999, amma ku yi mini haƙuri in karanto muku yadda malamin firamare ya fahimce shi. Sashe na 41 ya ce ɗan Najeriya yana da 'yancin zama ko'ina a ƙasar. Sashe na 43 ya ce yana iya mallakar fili ko gida ko'ina. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito ko addininsa. Sashe na 15 har cewa ya yi gwamnati ta ƙarfafa auratayya tsakanin mutanen wurare dabam-dabam, ta kuma tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a kowane yanki. Sannan sashe na 14 ya kawo raba daidai, sashe na 147 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma lallai ya zama ɗan asalinta. Kundin bai tsaya ya fayyace wane ne ɗan asali ba yadda kowa zai gane. Abin da ya fi kusa da bayani yana sashe na 318, inda aka danganta zaman mutum ɗan jiha da cewa iyayensa ko kakanninsa suna cikin al'ummar da ta samo asali a jihar. Tun yaushe? Kafin zuwan Turawa? Kafin jihadi? Kafin Bagauda? Shiru. Wannan shirun ne aka bar wa shugabannin ƙananan hukumomi 774, kowa ya cike shi da son ransa.

Abin dariyar ma, sashe na 177 da ya jera sharuɗɗan zama gwamna bai ce sai ɗan asalin jiha ba. A takarda, mutum yana iya mulkin jihar da ba za ta ɗauke shi masinja ba.

Kano da nake zaune ita ce babbar shaidata cewa wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Ku zaga cikin ganuwa ku karanta sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna, Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo zamanin Muhammadu Rumfa, Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji. Kowace unguwa tana faɗin inda mutanenta suka fito, ba ɓoyewa, kuma duk wanda ya fito daga cikinta Bakano ne na gidi. Ana yi wa garin kirari da ta Dabo tumbin giwa, kuma tumbin giwa ba ya tambayar ciyawa daga wane daji aka tsinko ta. Dabon kansa, Ibrahim Dabo da ya hau gadon sarauta a 1819, Basulluɓe ne. Alhasan Ɗantata da aka haifa a Bebeji daga zuriyar Agalawa yake, ya yi fatauci har Gwanja kafin ya zama attajirin da Kano take alfahari da shi. Janar Sani Abacha asalinsa Barebari ne, amma a Kano aka haife shi a 1943, a Kano yake kwance, ba wanda ya taɓa kiransa baƙo. Malam Ibrahim Shekarau, ɗan Kurmawa wanda mahaifinsa ya fito daga Biu, Kanawa sun zaɓe shi gwamna sau biyu, daga 2003 zuwa 2011. An yi ta raɗe-raɗin asali lokacin kamfe, kamar yadda aka saba, amma ranar zaɓe mutane suka dangwala wa wanda suka sani a unguwa.

Bahaushe ya san asali, ban ce bai sani ba. Katsinawan da suka bar gida bayan jihadi suka kafa Maraɗi, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ne. Zazzagawan da suka yi kudu suka kafa garin Abuja a 1828, wanda daga baya ya koma Suleja da aka ara sunansa aka ba babban birnin tarayya, har yau sarkinsu Sarkin Zazzau ne. Jikokin waɗanda suka bi Mai Wurno zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 suna nan a bakin kogin Nilu, sun san daga Sakkwato kakanninsu suka taso. Suna yana bin jini, wannan haka yake. Amma suna yana bin ƙasa ma, kuma al'adarmu ba ta taɓa cewa sai mutum ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya ba. Za ka ga mutum da tsagen Gobirawa raɗau a fuska, ka tambaye shi ɗan ina ne, ya ce maka ɗan Fagge. Bai yi ƙarya ba. Fuskarsa tana faɗin kakansa, bakinsa yana faɗin mahaifarsa. Fom ɗin gwamnati ne kaɗai yake da layi ɗaya.

Ko manyanmu na farko da sunan gari aka san su. Da makarantun boko irin su Kwalejin Katsina suka tara Muhammadu biyar da Abubakar shida a aji guda, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garin da ya fito. Haka aka samu Ahmadu Raba kafin duniya ta san shi da Sardauna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita, da Aminu Kano, da Shehu Shagari, daga baya da Abubakar Rimi. Sunan alama ce ta gane mutum, kamar a ce Audu dogo da Audu gajere. Ba wanda ya yi zaton wata rana zai zama katanga.

Katangar kuma kullum matsowa take. Zamanin Sardauna kalmar ita ce ɗan Arewa, kuma ta ɗauki Sunday Awoniyi daga ƙasar Kabba kamar yadda ta ɗauki Basakkwace. A 1967 aka yi jihohi 12, a 1976 suka zama 19, a 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, a 1991 aka kai 30, a 1996 aka cike 36. Duk lokacin da aka ja sabon layi a taswira, wasu dubban mutane suna kwana 'yan gida su tashi baƙi, ba tare da sun ɗaga ƙafa daga kan tabarmarsu ba. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Ranar 26 ga Agustan 1991 ni ɗan asalin Jihar Kano ne a takarda, domin Haɗejiya tana cikinta. Washegari aka ƙirƙiri Jigawa. Babban ɗana, wanda yake da shekara biyu a lokacin, ya yi hijira yana goye a bayan uwarsa a tsakar gida. Yanzu kuma ina jin ana ta kawo muku buƙatun sababbin jihohi. Kafin ku yanka wata, don Allah ku tambayi kanku mutum nawa za ta mayar baƙi.

Mata kuwa sun fi kowa shan wuya, domin su sau biyu ake korarsu. Gidan uba a ce ai ta yi aure ta tafi, gidan miji a ce ai zuwa ta yi. A 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda asalinta Anambra ne amma ta zo a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana aikin shari'a. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kafin a rantsar da ita. A 2020 majalisar Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jiha saboda asalinta Akwa Ibom ne, alhali ita ce gaba a jerin alƙalan jihar kuma ɗan jihar take aure, sai a 2021 aka warware. Idan alƙalai ke nan, ku ƙiyasta halin malamar asibiti ko ta firamare da ba ta da wanda zai yi magana a kanta. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu ma Ibo ne 'yan uwansu daga jihohin maƙwabta. Wannan ya isa ya nuna cewa ciwon ba na Arewa da Kudu ba ne kawai, ba kuma na Musulmi da Kirista ba ne.

Inda ya fi muni kun sani. Haƙar kuza ce ta tara mutane a Jos tun farkon ƙarnin da ya wuce, Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo. Jikokin Hausawan da aka haifa a can suka kira kansu Jasawa, kamar yadda na Kano suke Kanawa, suna ne na mahaifa. Amma a Jos sunan ya zama maganar siyasa, domin Birom da Afizere da Anaguta suna jin sa a matsayin da'awar mallakar gari. Tun da aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wa ke da gari ta jawo jini a Afrilun 1994, da Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. Zangon Kataf a 1992, kan maganar tashin kasuwa ta faro, amma a ƙarƙashinta wannan tambayar ce. An kafa kwamitocin bincike, an rubuta rahotanni, an ajiye. Garin da mutane suke zuwa shan iska ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa idan rana ta faɗi.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Hausawa muna da saurin kawo kukan 'yan uwanmu na Jos, da na Sabo a Ibadan, da na Agege da Shagamu, waɗanda kakanninsu suka je fataucin goro da shanu, aka haife su can, suna jin Yarabanci kamar ruwa, amma har gobe "aboki" ake kiransu, kalmarmu mai daɗi da aka juya ta zama ta raini. Kukan gaskiya ne. To amma Sabon Garin Kano fa? Ya haura shekara ɗari da kafuwa, tun zuwan jirgin ƙasa. Na koyar da yara Ibo da Yarabawa waɗanda a nan aka haifi iyayensu, Hausarsu ta fi tawa Kananci, idan suka je kudu 'yan uwansu "ɗan Hausa" suke ce musu. Mu nawa ne a majalisar ƙofar gida za mu yarda a ba su takardar da muke nema wa Jasawa? Na taɓa jefa tambayar a tamu majalisar, aka yi tsit, sai wani ya ce ai wannan daban. Ba daban ba ne. Idan muna so a karɓi namu a Filato da Oyo, sai mun shirya karɓar na wasu a Kano da Katsina da Sakkwato. Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, da Hausa ya fara wasa a ƙuruciya. Odumegwu Ojukwu ma a Zungerun aka haife shi a 1933. Yakubu Gowon, ɗan Angas daga Filato, a Wusasa ya tashi. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Abin da kakanni suka iya a lokacin da ba waya ba kwalta, mu da digiri mun kasa.

Mun kuma ɗanɗana abin a waje. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan zango da aka haifa a Kumasi da Ankara, waɗanda ba su san kowa a Najeriya ba. A 1983 mu ma muka kori nasu. Ba wanda ya ci riba.

Ranku ya daɗe, ban raina tsoron waɗanda suka yi adawa da ƙudirin ba, kuma ina roƙonku kada ku raina shi. Ƙaramar ƙabila da ba ta da wani wuri a duniya sai tsaunukanta da gonakinta, idan ta ji an ce duk wanda ya shekara goma ya zama ɗan gida, abin da take hangowa shi ne ranar da za a fi ta yawa a ƙasar kakanninta, a naɗa mata sarki daga waje, a raba gonakinta. Gbagyi sun ga yadda Abuja ta tashi a kan ƙauyukansu. Mai wannan tsoro ba mugu ba ne, kuma wanda ya ce masa ya yi shiru don haɗin kan ƙasa bai ba shi amsa ba. Ina ganin inda aka yi kuskure shi ne cusa abubuwa biyu cikin kalma ɗaya. Sarautar gargajiya, da gonakin gado, da wuraren al'ada, a bar su a hannun masu su, a ma rubuta ƙarara cewa zama ko haihuwa ba sa ba kowa haƙƙi a kansu. Ni Bazazzagin Kano ban taɓa mafarkin a naɗa ɗana Madakin Kano ba, kuma ba a zalunce ni ba don ba a naɗa shi ba. Amma kuɗin makaranta, da tallafin karatu, da gurbin jami'a, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, waɗannan daga baitulmali suke fitowa, kuma baitulmali ba ya tambayar asalin mai biyan haraji ranar karɓa. Mai shago a Kantin Kwari yana biya, ko daga Nnewi kakansa ya zo ko daga Gaya. Me ya sa sai ranar rabo ake tuna kakansa?

Ku kira na farkon asali, ku bar shi ga al'ada. Na biyun ku ba shi wani suna, ku ɗaure shi da haihuwa da zama da biyan haraji, ku sa shekarun da kuka ga sun dace, goma ko sha biyar ko ashirin, wannan abin tattaunawa ne. Mutum ya riƙe jiha ɗaya tak a lokaci guda, don kada wani ya ci nan ya ci can. Yau da ake da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma Hukumar Ƙidaya tana ba da takardar haihuwa, gane inda aka haifi mutum da inda yake zaune ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman tsohuwar da ta san kakansa. Matar aure kuma a ba ta zaɓi da bakinta, gidan uba ko gidan miji, kuma abin da ta zaɓa ya zauna ko da auren ya mutu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Raba daidai yana da amfani, ni shaida ne, domin ba don shi ba da yawa daga cikin ɗalibaina ba su ga ƙofar jami'a ba. A lissafa shi kawai da mutanen da suke zaune a wuri da gaske, waɗanda suke shan ruwansa suna jinya a asibitinsa.

Wani abokina ya ce ina ɓata tawada, wai ba ɗan siyasar da zai taɓa wannan magana zaɓe yana matsowa. Wataƙila. Amma tun 1973 muke tura yara bautar ƙasa jihohin da ba nasu ba don su san juna, wasu su yi aure a can, su zauna, su haihu, sannan mu ce wa 'ya'yansu su koma inda kakansu ya fito. Masu karin magana sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓar da ta shekara sittin ba ta bushe ba, har ta yi jikoki, ya kamata a sake mata suna.

Watan jiya aka yi mini jika a Kubwa. Ubanta, babban ɗana, haifaffen Kano ne mai takardar Jigawa. Uwarta 'yar Gusau ce da ta tashi a Kaduna. Ranar suna 'yan uwan uwar suna ta tsokana wai Bazamfariya aka samu, nawa suna cewa Bakanuwa ce, wata goggonta daga Zariya ta ce duk ku yi shiru, jinin Zage-zagi ne, aka yi ta dariya har aka ci tuwo aka watse. Nan da shekara shida za a kai ta makaranta, a miƙo wa ubanta fom mai layin jihar asali da ƙaramar hukuma. Tsohuwar da ta san Mai-jirgi ta rasu bara. Ina roƙonku ku dawo da ƙudirin nan teburi, ku kira Birom da Jasawa, da Atyap, wato Katafawa, da Hausawan Zangon Kataf, da 'yan Sabon Gari da 'yan cikin ganuwa, ku saurare su a zauren da ba a cika shi da 'yan rakiya ba, kafin yarinyar ta isa shiga aji ɗaya.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani Bazazzagin Kano, ɗan Mai-jirgi